Gwaggo Verna da Wandon Igiyar Shanya

Na daɗe ban ɗauki finafinan zane na lokacin yaƙin duniya na biyu a bakin komai ba. Ina nufin waɗanda ba su da labari guda, sai gutsattsarin kiɗa da rawa da aka jera, wannan ya ƙare wancan ya fara. A Vienna, inda na yi shekaru ina koyon kiɗa, malamanmu ba sa ko ambatonsu. In wani ɗalibi ya yi kasassaɓa ya kawo zancensu, malami yakan dubi taga har ya gama. Da wannan ra'ayi na dawo Los Angeles, kuma ba zan ce na rabu da shi gaba ɗaya ba. Kowa ya san abin da ya haifar da finafinan. An kwashe maza masu zane an kai fagen daga, waɗanda suka rage aikin soja ya sha kansu, babu hannun da zai ɗauki dogon labari daga farko zuwa ƙarshe. Sai aka riƙa haɗa ƙyalle da ƙyalle ana kiransa riga. Abin da ya hana ni kwanciya a kan wannan hukunci shi ne, ƙanwar mahaifina, Gwaggo Verna, tana cikin masu haɗa ƙyallayen, kuma ban taɓa zama na tambaye ta ba.

Wata Lahadi da rana na je gidanta a Glendale. Na same ta a baranda tare da Opal Zamora, ƙawarta tun daga wurin aiki, suna ɓare wake a faranti ɗaya. Na gaishe su, na faɗi abin da ke tafe da ni.

Opal ta ce, "Verna, ga Malam ya zo daga Turai zai gaya mana ko abin da muka yi aiki ne ko wasa."

"Ba shi wake ya ɓare tukuna," in ji Gwaggo. "Kakansa ma ya zo da wannan tambayar, kuma shi har da akwati ya zo."

An haifi Gwaggo a wata gonar lemu kusa da Porterville. Mahaifiyarta ta rasu tana ƙarama, ta taso tare da mahaifinta, Harlan Oakes, wanda ni nake kira Kaka, da yayanta, wato babana. Tun tana yarinya hannunta ba ya rawa. Ita ke rubuta sunan gonar a jikin akwatunan lemu, har maƙwabta suka fara kawo nasu. Da ta gama sakandare ta ga sanarwa a jarida cewa wani ƙaramin kamfanin fim yana neman 'yan mata masu natsattsen hannu, sai ta shiga bas ta taho birni. Kaka ya bar ta ne saboda ya tabbata ba za ta yi wata guda ba ta dawo.

Kamfanin ya daɗe da rufewa, wurin yanzu tashar wankin mota ce. A lokacin gini biyu ne. A ɗaya maza ke zane da fensir, suna da garmaho, suna jin kiɗan da za su zana wa rawa. A ɗayan mata ne a dogon ɗaki mai manyan tagogi. Ana kawo musu fallayen roba garai-garai kamar gilashi. Wasu matan su bi layin zanen da tawada a fuskar falle, sannan a kife shi, masu fenti su cike launi ta bayansa, don kada buroshi ya taɓa layin. Gwaggo da Opal masu fenti ne. Ƙiftawar ido ɗaya a fim takan cinye fallaye da yawa, don haka mutum yakan yi watanni yana shafa abu guda, yau ya ɗaga ƙafa kaɗan, gobe ya ƙara ɗagawa.

"Ba a shan kofi da safe, yana sa hannu rawa," in ji Gwaggo. "Ba a sa rigar ulu, gashinta yana sauka a fenti. Ba a hira."

"Wannan ta ƙarshen ita ta kusa kashe ni," in ji Opal.

"Ba ta kashe ki ba, don ba ki taɓa bin ta ba."

Na tambaye su ko suna jin kiɗan yayin da suke aiki. Suka dube ni kamar na tambaya ko ana kai su gida a jirgin sama. Ba sa jin kiɗa, ba sa ganin fim ɗin, ba a sa sunansu a allo. In fim ya fito, su sayi tikiti kamar kowa.

A cikin wani fim da suka yi wa aiki akwai wani gutsure game da igiyar shanya. Wata mata ta shanya wandon aikin mijinta da rigarta, ta koma cikin gida. Iska ta taso, wando da riga suka fara rawa tare. In matar ta leƙo sai su langaɓe kamar ba su ba, in ta koma su ci gaba. Kowanne yana kan fallensa daban. Aka ba Opal riga, rawaya mai fararen ɗigo. Aka ba Gwaggo wando, shuɗi, da jan faci a mazauni.

"Shugabar ɗakinmu ta ce ai Verna daga gona ta fito, ta san wando," in ji Opal. "Tun daga bazara har sanyi ya shigo, baiwar Allah ba ta ga komai ba sai mazaunin wani mutum da babu shi."

Gwaggo ta ce ita ba ta damu ba. Tana son wandon. Tana shafa shi tana rera waƙar coci a zuci, mai tafiya a hankali, domin ta ɗauka labarin na kewa ne, miji ya tafi yaƙi an bar wando. A lokacin babana yana can tsibiran teku da bindiga, ni kuma ina goye.

Ana nan sai ga Kaka wata Juma'a da hantsi a ƙofar gidan da take haya, da hula malafa, da buhun lemu a kafaɗa, da akwati a hannu. Ta karɓi akwatin ta ji ba nauyi. Ta buɗe, babu komai ciki.

"Na kayanki ne," in ji shi. "Lemu ya nuna. Yayanki ba ya nan, 'yan ƙodago duk sun tafi masana'antar jiragen ruwa. Ni kaɗai nake hawa tsani, ke kina nan kina yi wa 'yan tsana kwalliya."

"Baba, ba kwalliya ba ce, aiki ne."

"Aikin da ake yi da farar safar hannu?"

Ta san in ta koma gona ba za ta sake fitowa ba. Akwai 'yan mata a layi suna jiran kujerarta, kuma kamfani ba ya ajiye wa kowa wuri. Ta kuma san ba za ta iya kallon idon ubanta ta ce ba za ta ba. Sai ta roƙe shi abu ɗaya. Fim ɗin ya fito a makon nan, ita ma ba ta gani ba tukuna. Ya zo su je gobe da rana, ya ga abin da take yi da idonsa.

Kaka ya jujjuya hularsa a hannu. Mutum ne da ba ya sayen doki bai duba haƙoransa ba, kuma ba ya ƙin abu bai duba ba. Ya ce, "To. In na ga aiki a ciki, ki zauna. In wasa na gani, Lahadi muna bas."

Washegari suka tafi su uku, domin Gwaggo ta ja Opal ta raka ta. A bakin ƙofa Kaka ya tambaya wanne ne nata a ciki.

"Kuma a nan ne 'yar'uwar babanka ta yi abin da ta yi," in ji Opal, tana ajiye waken hannunta don ta ji daɗin labarin.

"Yaya za a yi in dubi Baba in ce masa wando nake shafawa?" in ji Gwaggo. "Wandon namiji, har da faci a wurin zama? Sai na ce masa, Baba, in an zo wajen igiyar shanya, ka kafa ido a hagu. Abin da ke rawa a hagu, shi ne nawa."

Ɗakin cike yake da mata da yara da wasu sojojin ruwa da aka ba hutu. Aka fara da labaran yaƙi. Kaka ya cire hula ya sunkuyo gaba, yana bin fuskokin sojojin da ke allo ɗaya bayan ɗaya, ko zai ga ɗansa. Bai ga wanda yake nema ba. Gwaggo ta ce a wannan lokacin ta kusa cewa ya bari kawai, za ta bi shi gida.

Sai aka sa fim. Gutsure na farko wasu kifaye ne ke yawo cikin kiɗan goge. Da ya ƙare allo ya yi duhu, Kaka ya miƙe ya sa hula.

"Baba, zauna, ba a gama ba."

"Ai na ga sun tafi."

"Wani ne zai zo."

Ya zauna. Na biyu wani jirgin ƙasa ne mai atishawa. Da ya ƙare Kaka ya sake miƙewa. Wata mata a bayansa ta ce, "Dattijo, in fita za ka yi ka fita, in zama za ka yi ka zauna." Ya juya ya ba ta haƙuri cikin ladabi, sannan ya sunkuyo wajen Gwaggo ya ce, "To kifayen fa? Me ya same su?"

"Babu komai, Baba. Nasu ya ƙare."

"Ba a gaya mana ko sun isa ba."

Opal ta ce daga nan ta cusa hannu cikin gugguru ta cika baki, don kada dariya ta fito. A na uku Kaka bai miƙe ba, ya riƙe hular a gwiwa yana jira kamar mai jiran a kira sunansa a asibiti. A na huɗu ya ɗan yi gyangyaɗi. Gwaggo ta taɓa shi daidai lokacin da igiyar shanya ta bayyana.

Abu biyu suka faɗo mata a lokaci guda. Na farko kiɗan. Ba na kewa ba ne ko kaɗan, ganguna ne da ƙaho, irin wanda samari ke jefa 'yan mata sama da shi a gidan rawa. Wandon da ta yi wa waƙar coci watanni ya fito yana tsalle yana karkaɗa faci, ɗakin ya kwashe da dariya. Na biyu, wandon a dama yake, ba a hagu ba.

Na ce ban gane ba, ko wani ne ya canja masa wuri.

"Babu wanda ya canja," in ji Gwaggo. Ta ɗauki murfin gilashi na tukunya ta ɗora ƙwayar wake a gefe ɗaya, ta danne da yatsa, ta juya murfin. "Ta baya muke shafawa. Wuni guda falle yana kife a gabana. In na gama nakan juya in duba, amma wannan duban na layi ne, ba na wuri ba. A idona wandon nan a hagu yake, tun ranar da aka ba ni shi. Ban taɓa tunanin duniya za ta gan shi ta ɗaya fuskar ba."

"Har yau kada ka yarda ta nuna maka hanya," in ji Opal. "Ta taɓa tura wani mai kawo madara cikin kwata."

A hagu kuwa rigar Opal ce ke lilo, rawaya, tana buɗewa tana rufewa. Kaka, mutumin da in an ce ya dubi hagu to hagun zai duba, ya kafa mata ido bai ko ƙifta ba. Gwaggo ta matso za ta raɗa masa, ya ɗaga yatsa ba tare da ya juyo ba. A wurinsa duk inda aka jera kujeru aka fuskanci gaba, ba a magana.

Da aka tashi suka shiga wani ɗan gidan abinci a tsallaken titi. Kaka ya nemi ƙwai da dankali, ya ci rabi. Akwatin yana ƙarƙashin tebur, don ya ƙi barinsa a gida. Can ya goge baki ya ce, "Ɗigon nan na jikin rigar. Ɗaya bayan ɗaya ake yinsu?"

Opal ta buɗe baki, Gwaggo ta take mata ƙafa.

"Ɗaya bayan ɗaya, Baba."

"A kowane hoto?"

"A kowane hoto."

"Kuma ba su zame ba, duk jujjuyawar nan da take yi." Ya girgiza kai. "Na lura. Na zaɓi ɗigo ɗaya a kafaɗa na bi shi har ƙarshe, yana nan inda yake. Wannan ba wasa ba ne, 'yar nan. Wanda ya iya wannan ya iya yi wa itacen lemu aure, reshe kan reshe. Ki zauna. Zan nemi matan coci su taya ni tsinka."

Gwaggo ta ce ta ji kamar an sauke mata dutse an ɗora wani. Sai Kaka ya juya wajen Opal.

"Ke kuma 'yata, me kike yi a wurin?"

"Ni ma fenti, Baba."

"To in kin san wanda ya yi wandon nan, ki gaya masa ya nemi wata sana'a."

Opal ta ce, "Ashe ka gan shi, Baba? Ai na ɗauka hagu kake kallo."

"Ta wutsiyar ido na gani, kuma ya ishe ni. Wane wandon aiki ne shuɗi fes daga ƙugu har ƙafa? Wando yana koɗewa a gwiwa, yana koɗewa a bakin aljihu. Wannan ko sau ɗaya ba a durƙusa da shi ba. Kuma mai aiki ba a mazauni wandonsa ke yagewa ba. Wanda ya yi shi zaman kujera kawai ya sani."

"Gaskiya ne, Baba," in ji Opal. "Ni ma na sha gaya wa mutumin. Ba ya ji."

"Malalaci ne?"

"A'a, yana da ƙoƙari. Ɗan ƙauye ne dai, hagu da dama ma rikita shi suke yi."

Gwaggo ta ce ta sake kai ƙafa za ta take ta, sai ta taka ƙafar Kaka. Ya duba ƙarƙashin tebur, ya gyara wa akwatin zama.

Ba ita ta zaɓi launin ba, ba ita ta zaɓi wurin facin ba. Maza a ɗaya ginin ke yanke wannan, a aiko da lambar fenti a kwalba, kuma wadda ta ƙara ko ta rage an sallame ta. Tana iya faɗin haka. Amma in ta faɗa ta amsa cewa wandon nata ne, kuma iznin da aka ba ta a kan riga aka ba ta. Ta kwana da abin. Opal ta ba ta shawara ta yi shiru, ta ce ta ba ta rigar kyauta har abada, ba za ta taɓa nema ba, sai dai a riƙa ba ta lemu duk shekara.

"Kuma an ba ni," in ji Opal. "Har ya rasu, buhuna daban yake zuwa."

Na san Gwaggo ba ta koma gona ba. Ta zauna a kamfanin har ya rufe, bayan yaƙi da shekaru, lokacin an daina irin waɗannan finafinan an koma dogon labari. Daga nan ta kama rubuta sunayen shaguna a jikin gilashi, tana tsaye ta ciki tana rubutu a juye, masu wucewa suna karantawa daidai. Rabin shagunan aski da na burodi a unguwarsu hannunta ne. Ta yi aure a makare, ta auri wani mai gyaran agogo, mutum marar magana, wanda Opal ta ce shi kaɗai ne a garin zai iya bin dokokin ɗakin fenti. Babana ya dawo da ɗingishi ya karɓi tsani daga hannun Kaka. Fim ɗin kuwa na nemi ganinsa daga baya a wani ɗakin ajiya. Kiɗansa bai canja mini ra'ayi ba, na kifayen ma ya fi yadda nake tsammani rauni. Amma na igiyar shanya na sa an maimaita mini, kuma wandon yana da ban dariya ƙwarai.

Ranar dai a baranda, wake ya ƙare, Opal ta shiga ciki ɗora tukunya. Na ga dama ta samu, sai na ce, "Gwaggo, to Kaka ya rasu yana zaton rigar taki ce?"

Ta karkaɗe ɓawon wake daga cinyarta. Ta ce, "Ina. Ranar Lahadin na raka shi tasha. Ya ɗora ƙafa ɗaya a matakalar bas, na ce, Baba, wandon ne nawa, rigar ta Opal ce, kuskure na yi. In ka ce in hau, zan hau, kayana su biyo baya. Ya tsaya a haka, ƙafa ɗaya sama ɗaya ƙasa, direba yana kallonsa, mutane a bayansa suna jira. Ya ce, wandon nan shuɗi? Na ce shi. Ya ce, wata nawa kina yinsa? Na gaya masa. Ya ce, ashe ba ki iya ba tukuna. Ni kuwa ba na ɗaukar wanda ya baro aiki bai iya ba, zai zo ya ɓata mini itatuwa. Zauna sai kin iya. Ya miƙo mini akwatin ya ce in riƙe, nauyi yake masa. Bayan mako biyu sai ga ƙunshi ta gidan waya, babu ko takarda a ciki. Tsohon wandonsa ne na gona, a wanke, a ninke, gwiwoyin suna sama."